Baba, A Ajiye Sandar Tukuna

Na san za ku ce na zo kare 'yan zaman banza. Ku faɗa, ranku ya daɗe, bakinku ne. A kowace majalisa ta Kambarawa a Katsina, in dai an idar da la'asar an shimfiɗa tabarma, ba a rasa dattijon da zai dubi yaron da ya duƙufa kan waya yana shafa gilashi da babban yatsa, ya girgiza kai ya ce zamani ya lalace. To Baba, kafin a yanke wa yaron hukunci, a leƙa a ga abin da yake shafawa.

Gidaje ne goma sha shida, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Lamba 2 ta haɗu da 'yar uwarta 2 su zama 4, 4 da 4 su zama 8, haka ake ninkawa har a kai 2048, kuma sunan wasan ke nan. Duk turawa ɗaya sai sabuwar lamba ta faɗo ta cinye gida guda, in gidajen suka cushe babu inda za a motsa, an ci ka. Wani saurayi ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, shi ya haɗa shi a 2014, bayan wani wasa mai suna Threes ya riga shi fitowa da 'yan makonni. Daga baya aka yi ta haifo masa ƙanne masu zafin kai: a wasu lambobin daga sama suke zubowa irin na Tetris, a wasu kuma agogo ke bin ka, in ka tsaya sosa ƙeya an gama da kai. Gwanaye sun san sirrin, babbar lamba a ajiye ta a kusurwa, kada a kuskura a taɓa ta. Ɗan koyo kuwa turawa yake ko'ina, sai 512 ta maƙale masa a tsakiya kamar jakin da ya ƙi tashi a bakin Ƙofar Soro.

Alhaji, na ga kana murmushin raini. Ba kai ne ka kwashe ƙuruciyarka a gindin dara ba? Ramuka talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ana neman jera uku a ci na abokin gaba, har a manta an aike ka cefane. Da kuka waye kuka koma Whot, wadda ita ma haɗa lamba da lamba ce, ana buga kati da ƙarfi har tire ya yi tsalle. Hajiya ma kada ta ɓuya a bayan labule. Carafke fa? A cilla dutse sama, a kwashi na ƙasa bibbiyu ko uku-uku, a cafe na saman kafin ya faɗi. In wannan ba ƙidaya da saurin hannu ba ne, a gaya mini sunansa. Su kuma iyayen yaran na yanzu, masu faɗa da babbar murya, su ne suka ƙarar da batirin Nokia 3310 a kan macijin nan mai cin ƙwallo yana tsawo.

Amma abin da ya fi ba ni dariya shi ne a ce Bakatsine ne ke raina jera lambobi a gida-gida. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, wato a cika gidaje da lambobi ta yadda kowane layi, tsaye ko kwance ko karkace, zai ba da jimla ɗaya. Har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa. Ban ce wasan waya ilimi ne irin nasa ba, Allah ya tsare ni, amma ƙaiƙayin son ganin lamba ta zauna daidai a gidanta gadonmu ne.

Ku kuma samari, ku daina tafi, ban zo ba ku lasisi ba. Wannan zance da kuke yi cewa wasan yana ƙara ƙwaƙwalwa, a bar shi. A wani bincike da aka wallafa a 2010, an gwada mutum sama da 11,000 a Birtaniya na tsawon mako shida da irin wasannin horar da ƙwaƙwalwa, abin da aka gani shi ne sun ƙware a wasan da suka yi ta yi, sauran al'amura kuwa suna nan yadda suke. Ka kai 2048 ba zai sa ka ci jarrabawar lissafi ba. Ga talla da ke faɗo maka duk bayan zagaye tana shan data, wata ma ta caca ce da aka yi wa kwalliya. A nan ina bayan Baba, da sandarsa da komai.

Saura ku masu cewa wasan yara ne. Ga alli, ga ƙasa. A zana gida tara, a zuba 1 zuwa 9, kowane layi ya tashi 15. Alhaji, bisimilla, kuma ba a yarda ka aiki jikanka ya duba maka a waya ba.