Yadda ake aiken modem ya je ya dawo lafiya

Ƙanena, tunda ka ce za ka rubuta wa wata makaranta a Gwandu manhajar kwamfuta da za ta riƙa tura wa iyaye saƙon tes, gyara zama. Dabarar ta yi, domin ƙaramar waya mai tocila ba ta san data ba, amma tes yana isa gare ta har gona.

Fara da neman ɗan aiken. Tsohon modem ɗin USB na Huawei, wanda ke kwance a durowar yayanka cikin matattun caja, ya wadatar. In babu, tambayi ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ba a rasa mai ajiya. Sa masa layin da aka haɗa da NIN. Kada ka ari na Inna, don iyayen yara za su yi ta kiranta har bayan isha'i suna tambayar sakamako.

Kayan aikin kuwa kyauta ne: Gammu, ko pySerial in da Python kake rubutu. Duk wanda ya ce ka biya, gaishe shi ka wuce.

Sai ladabi. Modem dattijo ne, yaren da yake ji tun 1981 kamfanin Hayes na Amurka ya shimfiɗa shi, kuma ba a faɗa masa zaure babu sallama. Nemo ƙofarsa ta COM, ka rubuta AT. Idan ya ce OK, ya amsa. Idan ya yi gum, duba ko manhajar da ya zo da ita tana buɗe, ka rufe ta. Bakinsa ɗaya, ba ya hira da mutum biyu.

Daga nan tambayi lafiyarsa da AT+CSQ. Zai ba ka lamba daga 0 zuwa 31. In ta gaza 10, sayi doguwar wayar USB ka rataye shi a taga. In ya ce 99, shi kansa bai san inda yake ba. A zafin Afrilu zai ɗau zafi kamar dutsen guga. Inuwa yake so, ba randa ba.

Aikawa: AT+CMGF=1, sannan AT+CMGS da lambar waya, ka rubuta saƙo, ka rufe da Ctrl+Z. Manta wannan, zai tsaya bakin ƙofa yana jiranka har a kira magariba.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma jerin haruffan GSM ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Harafi mai lanƙwasa ɗaya tak ya shiga, dole a koma tsarin UCS2, saƙon ya tsuke zuwa 70, kuɗin kati ya ƙaru. In ba ka saita ba, uba zai iya karanta "?anka ya yi ?o?ari". In kuma ka yar da lanƙwasar don tsimi, hedimasta ya ce gobe muna da baƙi, iyaye su ga muna da baki. Ni dai na zaɓi a taƙaita magana a bar wa Hausa haruffanta. Wanda ya tashi a garin Malam Abdullahin Gwandu bai kamata ya yi rowar tawada ba.

Kafin ka aika wa iyaye ɗari, aika wa kanka guda, ka karanta shi a wayar tocila.