Marsandi mai jin sanyi a Dutse

Tsohuwar Marsandin Alhaji, 230E ƙirar 1982, tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi daga Dutse har Shuwarin, fulogi kuwa sun yi baƙi ƙirin. Yaron bakanike ya ɗauko kwamfutarsa, ya leƙa ko'ina, bai ga inda zai jona ba. Ina fa! Na'urar ba injin mai Bosch K-Jetronic ce, da matsin fetur take aiki.

Akwai 'yar na'urar da ke ƙara mai idan inji bai yi zafi ba. Wayar da ke ɗumama ta na tsinkewa, sai 'yar na'urar ta daɗe tana ɗura wa injin mai. Wato a watan Afrilu, Jigawa na tafasa, ita baiwar Allah tana zaton tana Jamus cikin hunturu. Kuma ba wanda ya gaya mata an cire tallafin mai tun 2023.