Hutun Hunturu na Ɗan Betso Mazaunin Waje

Hutun hunturu na ɗan garin Betso da ke yankin Mubi, mazaunin ƙasar waje, yakan kama daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu. Masu yinsa sun kasu gida biyu: wanda kuɗin jirgi ya gagara, da wanda ya ci bashi ya zo gida.

Na farko a ɗaki yake cinye hutunsa. A Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a ƙarshen Disamba, ran 25 ga wata kuma jiragen ƙasa ba sa aiki, manyan kantuna a rufe. Sai ya kashe na'urar ɗumama ɗaki don tsoron kuɗin gas, ya jibga riguna uku, ya dafa taliya. Babban aikinsa shi ne hoto. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, yakan fita ya jingina da motar maƙwabci, ya washe baki, ya koma ciki yana karkarwa. Kafin yatsunsa su saki, hoton ya zagaye Betso ta WhatsApp. Amsoshi kan zo bisa tsari: "Allah ya ƙara ɗaukaka", sai kuɗin makarantar ƙane, sai kwanon ɗakin Inna da iska ta yaye tun damina. Gwargwadon kyan motar, gwargwadon tsawon buƙatu.

Na biyu yakan sauka a Yola, ya bi ta Gombi da Hong zuwa Mubi, sanye da jibgegiyar rigar sanyi da tsakar rana, don kada wani ya zaci daga Legas yake. Duk wanda ya yi masa "ina sanyi?" sai ya sha lacca a kan cewa mutanen nan ba su san sanyi ba. Amma da asuba, in iskar duwatsun Mandara ta sauko, shi ake fara tararwa a bakin wuta yana ture yara. A kasuwar Mubi yakan mayar da kowane farashi zuwa fam ya ce "ai araha ne", ɗan kasuwa kuwa ya gyara masa kuskuren nan take. Tsarabarsa akwati ɗaya, masu jiran rabo dangi guda. A makon farko ana yi masa layin gaisuwa, a na biyu yana fita ta ƙofar baya, a na uku yana neman rancen kuɗin mota zuwa Yola.

Dukkansu da bashi suke komawa aiki a Janairu. Sai dai dangi sun fi ganin girman wanda bai zo ba, domin ba wanda ya leƙa aljihunsa. Sunansa ake sa wa jarirai, shi kuma ake rubutawa a sahun farko na masu gudummawar gyaran rijiyar unguwa.