Jakar Adafta: Wasiƙa daga Jamus zuwa Tudun Fulani

Zuwa ga Yaya da duk mutanen gida,

Adafta 'yar na'ura ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, aikinta haɗa bakin kwamfuta da wayar majigi. A Jamus duk wanda aka gayyata ya gabatar da takarda a zauren da bai sani ba, da jakar adaftarsa yake tafiya. Bajamushe kan bar laima a jirgin ƙasa, ya manta abincin rana, har ranar aurensa ta shige masa duhu, amma jakar nan tana jikinsa kamar laya.

Dalili kuwa, bakunan sun yi yawa. Dattijonsu shi ne VGA, mai shuɗin kai da haƙora 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Hoto kaɗai yake ɗauka, babu ruwansa da murya, kuma da kusoshi biyu ake ɗaure shi, in ya zauna ba ya tashi, tamkar Kawu a gidan suna. Bayansa sai HDMI mai haƙora 19, shi yana kai hoto da murya tare. Autansu USB-C, ɗan 2014, siriri ne, ta kowace fuska aka soka shi sai ya shige, amma yana da halin 'yan auta: ba kowane bakinsa ke fitar da hoto ba, wani caji kawai ya iya. Adaftar da ke kai HDMI zuwa VGA ita ma hanya ɗaya ta sani, ba ta komowa. Sai filogi: na gida mai ƙafa uku irin na Ingila ne, soket ɗin nan ramuka biyu ne zagayayyu.

Abin mamakin shi ne rashin aro. A harabar jami'a ta Bosso, in majigi ya ƙi, nan take mutum goma za su taso: wannan ya hura waya, wancan ya zargi NEPA, a tura ɗalibi kan acaɓa ya aro a wani sashe, kafin ya dawo an gaisa, an tambayi iyali, an sha ruwa. A nan kuwa mutum hamsin za su zauna tsit, kowa da adafta huɗu a jaka, idanu kan agogo. Minti uku sukan zama damina uku. In an roƙa za a bayar da ladabi, amma mai ita zai bi ta da kallo irin na uwar amarya ranar kai ɗaki. Shi ya sa ƙanin Yaya ke isa zaure rabin awa kafin lokaci, ya gwada komai, da kwafin takardar a filashi.

Sauran labari: sanyi ya shigo, takarda ta karɓu, malamai sun ƙwanƙwasa tebur, wanda shi ne tafinsu, saƙon Inna yana hanya.

Jakar ƙanin Yaya ta fi ta kowa kyau a sashen. Ita ce wadda tela ya ɗinka da ragowar shaddar sallar da aka sayo a Kasuwar Kure. Adafta biyar ce a ciki, da tsohuwar cajar gida mai ƙafa uku wadda ba ta shiga soket ko ɗaya a ƙasar nan, kuma har yau ba a fitar da ita ba.

A gaida Inna.