Marsandi Ta Gurfana a Ƙofar Ɗaurin Aure

Marsandi S-Class ƙirar 2008 ba ta da sifirin ɗin ƙarfe irin na sauran motoci. A kan iska take zaune: kowace ƙafa da jakarta ta roba, wani ɗan famfo yana hura su, kwamfuta tana auna tsayin motar. Da tawa ta fara kwana a karkace, na kai ta garejin kamfani a Abuja. Suka ba ni shayi a ɗaki mai sanyi, suka jona mata kwamfuta, suka miƙo mini takarda. Kuɗin da ke jiki ya isa sayen A Daidaita Sahu. Na shanye shayin na yi godiya.

Bakanikena na Kano ko takardar bai karanta ba. "Yallaɓai, iska ce fa. Iska ake sayar maka?" Ya tura yaro Ƙofar Ruwa ya samo ƙafa ɗaya 'yar Kwatano, bututun da ke yoyo kuma ya naɗe shi da robar tayar babur, ya bi da gam. Ya ce ko Legas zan je, in je.

Ranar Asabar ba Legas na nufa ba, ɗaurin aure ne a cikin gari. A baya na ɗauko surukina, mahaifin matata, da limamin unguwarsu. Gilasai a rufe, sanyi yana busawa, babu mai magana, don tun da na auri 'yarsa hirarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Na taka birki a ƙofar gida, maroƙi ya taso yana kirari, sai ga wata ƙara daga ƙarƙashin kujerar baya.

Fiiiiiiis.

Ba gajeriya ba ce. Ta fara siririya, ta yi kauri, ta ɗan tsaya kamar ta gama, sannan ta ƙara. Ta madubi na ga Liman ya kalli Baba. Baba ya kalli Liman. Su biyun suka kalli ƙeyata. Liman ya ce "Subhanallahi" a hankali, ya ci gaba da jan carbi. Baba kuwa bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙa ya sauke gilashi kamar faɗin yatsu biyu. Wannan saukar gilashin ita ke hana ni barci. Da zagina ya yi, da na samu abin faɗa. To me zan ce? "Baba, motar ce"? Duk wanda ya taɓa faɗin haka, shi ne.

Motar ce ta wanke ni, amma da tsada. Baya ya fara sauka, gaba ya bi, har tayoyi suka shige ciki, jan rubutu ya cika allo. Maroƙi ya tsaya a tsakiyar kirari. Ƙofar Baba ta dafe da bakin kwalbati, sai da ya rarrafa ta kan kujera ya fita ta ɓangaren Liman, yana tattare babbar riga, hula a hannu, jama'a suna cewa "Sannu Alhaji."

Nan wani dattijo ya ratso taro. Tsohon direban Fijo 504 ne, haɗin Kaduna, ya ce ya yi zamaninsa a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da sanda.

"Yaro, buɗe bonet. Kafireto ne ya sha datti. A tsotse shi."

Na ce Baba ba ta da kafireto.

"To me take sha da shi?"

Bai jira amsa ba. Ya kira samari, ya ce a tura, ni kuma in sa giya biyu in saki kuloci. Na ce babu kuloci, kuma injin ma a kunne yake. Ya kalle ni da tausayi, ya juya ga jama'a: "Babu kafireto, babu kuloci. An cuci yaron nan, rabin mota aka sayar masa." Ya aika a kira mai faci. Da mai faci ya zo ya ce tayoyi lafiya lau suke, sai dattijon ya ce a ƙara musu iska duk da haka, ai in taya ta kumbura mota za ta tashi. Daga nan ya koma kan maganar baki: mota ba ta durƙusawa a ƙofar biki haka kawai, a samo habbatus sauda a yi mata hayaƙi ta salansa.

Na koma gefe na kira bakanike. Ya saurare ni har na gama.

"Yallaɓai, mutum nawa ka ɗauka?"

Na ce biyu.

"Ai ka ji. Ba ka ce mini za ka ɗauki mutane ba."