Leƙen Kifi a Zanzibar: Tsarinsa da Halayen Masu Zuwansa

Leƙen kifi wani yawon shaƙatawa ne da ake kwasar baƙi a kwale-kwale mai inji a kai su cikin teku, a ba kowa tabarau da bututun numfashi, ya yi rub da ciki a kan ruwa yana kallon abin da ke ƙasa. A Zanzibar, wadda ta haɗu da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, wurin da ya fi suna a wannan harka shi ne kewayen tsibirin Mnemba, daura da ƙauyen Matemwe. Masauki guda ne a tsibirin, kuma wanda bai kama ɗaki ba ba ya taka ƙasarsa. Saura sai su yi shawagi a gefe, suna gyara tsayuwa yadda hoto zai nuna kamar daga ciki suka fito.

Ana fara shiri tun jajibere, da ciniki a bakin teku. Kowane baƙo yakan kwana da yaƙinin shi aka yi wa rangwame na musamman, don haka ladabi ya hana a tambayi na kusa nawa ya biya. Lokacin tashi kuwa cikar teku da janyewarta ne ke yanke shi, amma baƙi sukan makara wajen karin kumallon otal, tunda an riga an biya kuɗinsa. Yawancin abincin nan teku ce ke karɓarsa daga baya.

A bakin jirgi ake raba rigar ceto. Mata sukan saka ba gardama. Maza kan riƙe ta a hannu, musamman wanda ya taɓa iyo a kududdufin unguwarsu shekaru talatin da suka wuce, wanda kuma yake ganin Tekun Indiya ƙanen wancan ne. Sai rububin kujerar gaba, inda hoto ya fi kyau. Gaban jirgi mai gudu shi ne ya fi tashi sama ya faɗo a kan igiyar ruwa, shi ya sa matuƙi ke zaune a baya abinsa. Minti goma da tashi za a ga rigunan ceto sun hau jiki da kansu, masu ihun murna sun koma salati, har da waɗanda ba a san su da ibada ba.

In aka yi sa'a a gamu da dolfin, wadda ba kifi ba ce: iska take shaƙa, kuma tana shayar da 'ya'yanta. Da ta ɓullo sai jirage su yi mata caa, jama'a su afka ruwa, ita kuwa ta riga ta yi gaba.

Ka'idar leƙen ba ta da wuya. Da baki ake numfashi, fuska a ruwa, kan bututu a sama. Sabon shiga yakan ɗaga kai ya yi magana, bututun ya nutse, ya kwankwaɗi ruwan gishiri, sannan ya ɗora laifin a kan kayan. Tabarau kan yi hazo, kuma maganin da masu jirgi suka sani shi ne a tofa yawu a ciki a goge. Nan ake ganin hajiyar da ba ta shan ruwa sai na gora tana tofi cikin natsuwa a tabaran da mutum ɗari suka tofa kafin ita. Ta cikin gilashin, komai kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda karkacewar haske a ruwa. Ragowar girman da kifin ke yi, a wajen ba da labari yake samunsa.

Duwatsun murjani da ake zuwa kallo halittu ne masu rai, masu jinkirin girma, kuma zafin ruwa na 1998 ya kashe da yawa daga cikinsu a wannan teku. Ana jan kunnen kowa kada ya taka su. Wanda ya gaji yakan tsaya a kansu ya gyara tabarau, sai dai in bushiyar teku ta riga shi wurin.

Mafi tsawon sashen tafiyar shi ne ɗaukar hoto. Waya na cikin jakar roba a wuya, maigida ya zama ɗan ɗauka, ana umartarsa ya sake domin ido ya rufe ko mayafi ya karkace. Wasu ba sa shiga ruwan sam: sukan ari tabarau su ɗora a goshi, su jiƙa ƙafa, su mayar. Daga nan a yanka kankana da abarba, a juya akala zuwa gaɓa, Turawa sun yi jawur, kowa ya yi laushi. A kan yashi matuƙi ke jiran ɗan alheri, baƙi kuma na laluben aljihun da suka san babu komai a ciki, suna neman inda intanet ke kamawa.