Kafin Ka Biya Kuɗin Haya, Ka Gaida Mai POS

Mai neman gidan haya a Kano ko Kaduna yana tafe da tambayoyin da ya gada daga iyaye. Akwai ruwa, na rijiya ne ko na burtsatse? Wuta tana zama? Kwata tana cika da damina? Su wa ke maƙwabtaka, kuma masallaci da nisa? Duk tambayoyi ne na mai hankali. Sai dai akwai guda ɗaya da ba a tunawa da ita sai daren farko, bayan akori-kura ta sauke kaya, an ɗaura gado, uwargida ta ɗauko waya za ta nuna wa 'yan uwanta sabon falo ta bidiyo. 'Yar da'irar nan ta fara juyawa a fuskar waya, ta juya, ta ƙara juyawa. Yara sun yi cirko-cirko suna kallonka. Kai kuwa ka riga ka biya kuɗin shekara, har da la'adar dillali.

Ina so in raba ka da wannan dare. A yau da intanet ɗiyarka ke shirin jarrabawar JAMB, da shi Hajiya ke sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp, da shi kai kanka kake tura kuɗin cefane. Abin da gida ya dogara da shi haka bai kamata a bar shi ga sa'a ba.

Ka riƙe wannan tun farko: kyawun intanet yana bin wuri ne. Layin da ya yi maka hidima a Tarauni yana iya zama kurma a Rijiyar Zaki, wanda ka jefar a aljihun tebur kuma ya zama sarki a can. Saboda haka kada ka tambayi dillali. Zai ce maka, "Ranka ya daɗe, ai sabis a nan har ya yi yawa," kuma iyakar gaskiyarsa ke nan, domin a bakin titi yake amsa waya, bai taɓa kwana a uwar ɗakan ba. Wanda za ka nema shi ne mai POS na bakin layi. Abincinsa na kullum a kan sabis ya rataya, ya san layin da ke ja da wanda ke sa shi ba mutane haƙuri, ya san ma lokacin da abin ke lafawa. Ka je ka cire dubu biyu ko da ba ka da buƙata, ka biya shi cajinsa da fara'a, sannan ka ce, "Abokina, wane layi ne ke aiki a nan?" Amsarsa ta fi allon talla goma.

Daga nan sai ka gwada da kanka, gani ya kori ji. Ka ari wayar Hajiya da ta ƙaninka don ka haɗa layi biyu ko uku, ka shiga fast.com ko manhajar Speedtest. Ka tsaya a falo ka auna, ka shiga uwar ɗaka ka turo ƙofa ka auna, ka leƙa kicin. Idan dillali ya fara duba agogo, ka ce masa kana duba rufi ne. Kada sandunan nan na saman waya su ruɗe ka: suna nuna maka kusancinka da ƙarfen sabis ne kawai, ba sa faɗa maka mutum nawa ke rataye da shi. Shi ya sa dole ka dawo bayan sallar isha'i. Da hantsi unguwa ta watse, kowa yana kasuwa ko makaranta, ƙarfen naka ne kai kaɗai. Da dare kowa ya dawo, matasa suna kallon ƙwallo, iyaye mata suna kallon fim, sai a raba abin da ke akwai tsakanin ɗaruruwan wayoyi. Gidan da ya ba ka 40 da rana ya koma 2 da dare, na daren shi ne naka, don a lokacin kake gida.

Lambar da kake gani megabit ce a daƙiƙa, data kuwa da megabait ake sayar maka, kuma bit 8 ke yin bait 1. Idan ka ga 20, ka raba da 8: kana sauke megabait 2.5 ke nan a daƙiƙa, fim mai gigabait 1 zai ɗauki kusan minti 7. Netflix kansu megabit 5 suke nema don hoto mai kyau a talabijin ɗaya. Gida mai matsakaicin iyali da ya samu 20 tsayayye dare da rana ya gode wa Allah.

Hanyoyin kawo intanet gida uku ne a ƙasar nan. Akwai rauta mai cin layin waya, 4G ko 5G, wadda ake ɗauka a leda a ƙaura da ita. MTN ya buɗe 5G a 2022, Kano da Maiduguri suna cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Amma sunan garinku a takardar kamfani ba ya nufin abin ya iso lungunku, kuma yawancin rautar da kamfani ke sayarwa a kulle take, ba ta karɓar layin wani. Idan ba ka tabbatar da layi ɗaya ba, ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka nemi wadda ke cin kowane layi, ka sa a gwada maka a gabanka. Sai wayar faiba, wadda ake janyowa har cikin ɗaki. Idan ta iso unguwarku babu kamarta wajen tsayuwa, illa dai ba ta bin ka idan ka tashi, tana buƙatar amincewar mai gidan kafin a huda masa bango, kuma ranar da masu gyaran titi suka iso da katafila sai ka yi ta addu'a. Na uku Starlink, da ke ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam. A Janairun 2023 ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Farantinsa yana son sararin sama fili, don haka darbejiyar da ta sa ka ƙaunaci gidan ita ce babbar abokiyar gabarsa, haka ma benen maƙwabci. Manhajarsa tana da wurin da za ka ɗaga waya sama ta nuna maka abin da ke tarewa. Yana da tsada, ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gudu, kuma yana cin wuta wat 50 zuwa 100 alhali ƙaramar rauta kusan 10 take ci. Mai shi da zai ƙaura sai ya sauya adireshi a asusunsa, ya kuma duba tun da wuri, domin a ƙarshen 2024 an taɓa dakatar da karɓar sababbi a Legas da Abuja saboda cunkoso.

A ganina ɗan haya a cikin gari ya riƙe rauta mai layi, mai gidan kansa da faiba ta wuce ta ƙofarsa ya janyo ta, wanda ya yi gini a bayan gari inda sai an hau katanga ake amsa waya ya tara kuɗin Starlink. Kowanne ka zaɓa, wata ɗaya za ka fara saye. Rangwamen shekara yana nan yana jiranka.

Yanzu mun zo inda ake yin ta, wato ina za a ajiye rautar. Hajiya za ta dube ta, fara sol da 'yan fitilu masu ƙyalli, ta yanke hukuncin cewa kayan ado ce. Kafin ka dawo daga masallaci an shigar da ita cikin shoglas, tsakanin kuloli da tangaran, an lulluɓa mata ɗan ƙyalle mai leshi saboda ƙura, an turo gilashi an rufe. Inna kuma za ta ce a kawar da abin nan daga saitin kanta. Kai ma, faɗi gaskiya, gefen gadonka kake so. Duk ku yi haƙuri. Abin da rauta ke watsawa igiyar rediyo ce, bulo da kankare suna shanye ta, ƙarfe da madubi suna mayar da ita baya, kulolin Hajiya kuwa ƙarfe ne zalla. Ƙyallen ma yana toshe ramukan da take shan iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wurinta a sarari, a sama kamar agogon bango, nesa da firiji da bayan talabijin. Idan mai layi ce, ta fi son kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. Ka zagaya da ita taga-taga kana aunawa, za ka sha mamakin bambancin da taku uku ke kawowa.

Za ka ga rautar ta fito da suna biyu, ɗaya 2.4 ɗaya 5. Na 5 ya fi gudu amma bango biyu sun ishe shi gajiya, na 2.4 ya fi nisan zango. Na kusa su hau 5, na ƙuryar gida su hau 2.4. Mai iyali biyu a gida ɗaya kuwa, ina roƙonka ka saurare ni da kyau: sabis ma ya shiga lissafin adalci. Idan sabis yana cika a ɗakin amarya, uwargida sai ta fito tsakar gida kafin saƙo ya tafi, ka kunno wutar da ba kamfanin da zai kashe maka. Ka sa rautar a tsakiya, ko ka sayi waya mai tsawo ka ja zuwa ɗaya sashen ka ɗora rauta ta biyu. Kuɗin wayar bai kai na biko ba.

Maganar wuta gajeriya ce. Yawancin rauta bolt 12 take sha, kuma akwai ɗan batirin da aka yi dominta, yana riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Ka saye shi rana ɗaya da rautar. Idan hadari ya haɗo ana tsawa, ka zare ta daga bango.

Sai lambar sirri. Kwana uku da tarewarka za ka lura dakalin ƙofar gidanka ya yi farin jini. Samarin da ba ka sani ba suna zaune a jere, kowa ya sunkuyar da kai, suna gaishe ka da ladabi na musamman: "Sannu da zuwa, Baba. Allah ya sa a zauna lafiya." Ka amsa da kyau, yaran kirki ne, sannan ka shiga ka kira autanka. Wayoyin Android na yanzu suna fitar da lambar sirrin a ɗan hoton QR, aboki ya haska ya shige, shi ma ya haska wa wani. Yaro ɗaya mai son jama'a ya isa ya haɗa unguwa guda. Kuma kada ka sa sunan autan da shekarar haihuwarsa, ko lambar wayarka, ko 12345678, duk unguwa da su ake fara gwaji. Ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, ka cusa lambobi a tsakani. Ka juya rautar, a ƙasanta akwai takarda mai adireshin shiga saitinta, irin su 192.168.0.1, da sunan shiga na kamfani wanda sau da yawa iri ɗaya ne a dubban gidaje. Shi ma ka sauya shi, ka kashe abin da ake kira WPS a cikin saitin.

Ban ce ka hana maƙwabci ba. Haƙƙin maƙwabtaka babba ne, kuma ɗalibin da ke neman cike fom da dare ya cancanci taimako. Rauta da yawa suna da sashen baƙi mai lambarsa daban, wasu har ana iya ƙayyade masa gudu. Ka buɗe shi, ka bayar da saninka, ka riƙa sauya lambar duk wata. Kyautar da ka yi niyya ita ke da lada.

Ko babu ɗan dakali ko ɗaya, data za ta gudu idan ba ka tsare ta ba. Waya da ta ga Wi-Fi ɗauka take banza ta faɗi: ta fara sabunta manhajoji, ta kwashi hotunan bikin bara ta tura ma'ajiya, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka jefa a zauren dangi. Talabijin mai intanet kuma yana iya cinye gigabait 3 a sa'a ɗaya idan hoton na sama ne. Ka zauna da wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya ka kashe saukewa ta kai tsaye, ka rage ƙarfin hoton YouTube a wayar yara. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan zama na rabin sa'a kuɗi ne. Tsarin da aka ce maka ba shi da iyaka, ka tambayi mai sayarwa a gigabait nawa ake rage gudu, domin galibi akwai wannan sharaɗin a ƙananan rubutu. Layin rautar kuma ka yi masa rajista da NIN ɗinka, ba na yaron shago ba, don ranar da ya samu matsala kai za a nema.

Kada ka manta da tsohon gida. Ka sanar da masu faiba ka tashi, ka mayar musu da na'urarsu idan tasu ce, ka dakatar da sabuntawar da ke cirar kuɗi da kanta.

Ranar da intanet ya tsaya cak, kada ka fara da dukan rauta. Ka kashe ta, ka ƙirga talatin, ka kunna. Ka tambayi maƙwabci ko shi ma haka ne, domin wani lokaci matsalar tana can nesa: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahala, har bankuna. Idan kuwa kai kaɗai ne, kuma ka biya kuɗinka, ka kira kamfanin, lambar 300 ce ga manyan layukan waya, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In sun yi shiru, ka kira NCC a 622 ka ba su lambar nan. Kiran kyauta ne, ka yi shi.